Bari Yadi Ya Sha Ruwa Kafin Ya Ga Almakashi

Mako biyu bayan Sallah, sa'ad da hayaniya ta lafa, aka kuma kai kayan Idi wankin fari, shi ne lokacin da shagunan teloli kan karɓi waɗansu baƙi waɗanda ba ɗinki suka kawo ba, ƙara suka kawo. Ga magidanci ya shigo da kaftani a kafaɗa, yana cewa ranar Idi hannun rigar nan har wuyan hannu ya sauka, yau kuwa agogonsa a fili yake, wando ma ya ɗangale har idon sawu ya bayyana. Ga uwargida ta aiko yarinya da riga wadda shafinta ya leƙo ta ƙasa, ya fi rigar tsawo da yatsa biyu. Ga kuma farar rigar yaro ta koma ruwan hoda, don an jiƙa ta a baho ɗaya da sabon jan ɗankwali.

Tela ya ɗauko littafin awo ya buɗe, ya rantse abin da ya auna shi ya yanka. Mai kaya ya rantse shi dai bai ƙara tsawo cikin mako biyu ba. Sau da yawa kowannensu gaskiya ya faɗa. Mai laifin yana nan shimfiɗe a kan tebur tsakaninsu, watau yadin da aka ɗinka bai taɓa ganin ruwa ba.

Wannan gardama ta tsufa, maganinta kuwa bai wuce bokiti biyu na ruwa da haƙurin yini guda ba. Yadin da ya fito daga masaƙa bai gama zama ba tukuna. Akwai bashin da ruwa ke binsa, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai ya biya. Abin da ya rage ga mai ɗinki shi ne ya zaɓi ranar biyan: ko dai kafin a yanka, lokacin da hasarar ba ta wuce 'yan inci a bakin yadi ba, ko kuwa bayan an ɗinka, lokacin da hasarar za ta haɗa da rigar dukanta, da ladan ɗinki, da mutuncin tela.

ABIN DA KE SA YADI TSUKEWA

In aka zare sili guda daga bakin yadi aka duba, za a ga ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake kamar sawun maciji, domin yana hawa kan wani zare ya shiga ƙarƙashin wani. Saƙa ke nan: akwai zaren tsaye, wanda masaƙan gargajiya ke ja wajen wadari, akwai kuma zaren kwance wanda ƙoshiya ke kai da komowa da shi. A masaƙar zamani akan ɗaure zaren tsaye tamau, a shafe shi da sitaci don kada gudun inji ya tsinka shi. Bayan an saƙe, sai yadi ya bi ta wurin wanki, da rini, da buga zane, da busarwa, da guga, a ko'ina kuwa jansa ake yi ta tsawo daga wannan inji zuwa wancan. A miƙe ya bushe, a miƙe aka naɗe shi a bandir, a haka ya iso kasuwa.

Ranar da ya shiga ruwa abu biyu ke samunsa. Na farko, sitaci ya narke, zaren da aka ja ya sami sararin komawa yadda yake tun asali. Na biyu, auduga takan sha ruwa ta kumbura ta kauri, ba ta tsawo ba. Da zaren kwance ya yi kauri, sai hanyar da zaren tsaye zai bi ya kewaye shi ta ƙaru, tun da yake kuwa shi bai ƙara tsawo ba, tilas yadin ya tattaro. In ya bushe ba ya komawa inda ya fito. Shi ya sa galibi yadi ya fi tsukewa ta tsawo bisa ga ta faɗi, shi ya sa kuma wankin fari ya fi kowane wanki ɓarna. Ruwan zafi da injin busar da kaya suna daɗa abin.

Ba kuma halin kowane yadi ɗaya ba. Auduga da lilin su ne masu wannan ɗabi'a sosai. Yadin nan mai santsi da sanyi da ake yi daga itace da aka narkar, wanda mata ke so don zubinsa, ya fi su tsukewa, ga shi kuma ba shi da ƙarfi in yana jiƙe. Yadin roba, irin su foliyesta da nailan, da ƙyar yake shan ruwa, saboda haka da ƙyar yake motsawa. Ulu kuwa nasa ciwon dabam ne: gashinsa yana da 'yan ɓawo-ɓawo, in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai su sarƙe da juna, ya dunƙule, kuma kowane wanki ƙara dunƙulewa yake yi.

LISSAFIN HASARA

Yadin auduga na kasuwa galibi yakan rasa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na tsawonsa. Wanda ya fito daga injin saƙa kai tsaye ba a yi masa komai ba, kamar akoko, yana iya kai wa kashi 10. A baki abin kamar ba yawa, amma in aka ɗora shi kan tef ɗin awo sai ido ya raina fata.

Turmin atamfa yadi 6 ne, watau inci 216. In ya tsuke da kashi 4 cikin 100, an rasa kusan inci 9, rubu'in yadi ke nan. Kaftani mai tsawon inci 50 zai rasa inci 2. Wando mai inci 40 zai rasa fiye da inci ɗaya da rabi. Wuyan riga mai inci 16 zai rasa fiye da rabin inci, wanda ya isa ya hana maɓalli shiga.

Duk da haka, rigar da ta tsuke gaba ɗaya tana da sauran amfani, ko ba komai a ba ƙane. Babbar ɓarna tana wurin da aka haɗa yadi biyu masu hali dabam a ɗinki ɗaya. In an yi wa rigar auduga shafi da yadin roba, rigar ta ja, shafin ya tsaya, sai ya leƙo. In an yi wa leshi shafi da auduga, shafin ya ja, leshin ya tattare ya yi jaka-jaka. In an zuba aikin wuya mai nauyi a kan yadin da bai zauna ba, bayan wanki sai ƙirjin riga ya yamutse a gefen aikin, kuma babu dutsen gugar da zai shimfiɗa shi. Tsofaffin masu faci sun san wannan tun tuni: ba a yi wa tsohuwar riga faci da sabon ƙyalle sai an jiƙa shi, in ba haka ba facin ya ja, ya yage tsohon yadin da ke kewaye da shi, ɓarakar ta fi ta da.

MUTUMIN DA YA NEMI MAGANI A MASAƘA

A garin Troy na Jihar New York ta Amurka akwai wani kamfanin ɗinka riguna mai suna Cluett, Peabody, wanda ya yi suna wajen yin ƙwalar riga mai tauri da ake cirewa a wanke dabam. Cikin shekarun 1920 mutane suka fara juya wa wannan ƙwala baya, suka koma ga riga mai wuya a jikinta. Nan fa matsala ta taso, domin wuyan yakan tsuke bayan wanki ya shaƙe mai shi. Wani injiniya ɗan gidan, Sanford Cluett, ya duƙufa kan al'amarin, har ya gane cewa tun da ja ne ya kawo ciwon, turawa ce maganinsa.

Dabarar da ya sami takardar mallakarta a 1930 ita ce: a ɗan jiƙa yadi da tururi, a ɗora shi kan wata katuwar ɗamara mai talewa lokacin da take a miƙe, a matse su jikin wani ƙarfe mai zafi. Da ɗamarar ta koma yadda take, sai ta tattaro yadin tare da ita, a busar da shi a haka. Watau an sa shi ya biya bashinsa tun a masaƙa. Yadin da aka buga wa tambarin Sanforized alkawari ne cewa tsukewar da ta rage masa ba za ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Har wa yau akwai wandon jins da ake sayarwa ba a yi masa wannan aiki ba, kamar wani samfuri na Levi's, mai saye kuwa ya san tilas ya ɗauki wanda ya fi shi girma, ya bar ruwa ya daidaita su.

To, mai karatu zai ce, in an sami magani tun 1930, ina dalilin wahala? Dalilin shi ne mai saye bai san abin da aka yi wa yadin da ke hannunsa ba. Tun daga 1957, lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, har zuwa shekarun 1980 da masaƙu suka haura 100 a ƙasar nan, tela yakan san yadi da sunan masaƙarsa, ya kuma san halinsa don ya saba da shi. Mafi yawan masaƙun nan sun rufe. Babbarsu ma, UNTL ta Kaduna, ta tsai da aiki a 2007. Yawancin abin da ke cike da rumfunan Kantin Kwari a Kano da Balogun a Legas yanzu daga ƙetare yake zuwa, musamman ƙasar Sin, daga masaƙu barkatai, mai kyau da na jabu duk a kanta ɗaya. Ana yanko wa mutum yadi biyar daga bandir ba takarda, ba bayani. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce ruwa.

MASU BARGON HAƊE-HAƊE

Ba inda aka yi wa wannan magana filla-filla kamar wurin masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe, sana'ar da ta kafu ƙwarai a Amurka da Ingila. Wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan Sallah ya riga ya ga asalin dabarar: yadi a sama, yadi a ƙasa, ciko na auduga a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi a ɗaure su wuri ɗaya. Bambancin kawai shi ne fuskar bargon daga ƙananan ƙyallaye ake harhaɗa ta, wani lokaci ɗaruruwa, kowanne da launinsa da masaƙar da ya fito.

A da masu wannan aiki da yawa ba su da wannan damuwa, domin da tsofaffin kaya suke yi. Matan ƙauyen Gee's Bend na Jihar Alabama, jikokin bayin da aka kai noman auduga, da tsofaffin wandunan aiki da rigunan da suka mutu suka yi ta ɗinka barguna don sanyi, har aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston a 2002, aka kuma buga hotunansu a kan sarkin wasiƙa na Amurka a 2006. Haka matan Bengal, a Indiya da Bangaladash, suke jera tsofaffin zannuwan sari su ɗinke su zama mayafi. Ƙyallen da ya sha wanki sau hamsin ba sauran tsukewa ko zuba a jikinsa. Sai da aka koma sayen sabon yadi musamman don wannan aiki sa'an nan gardama ta tashi, har masu sana'ar suka rabu gida biyu.

Masu wankewa suna cewa: rarar da ake bari a bakin kowane ƙyalle wajen haɗi rubu'in inci ce kacal. Ƙyalle mai inci 5 in ya tsuke da kashi 4 cikin 100, ya cinye kusan dukan rarar nan. In maƙwabcinsa bai tsuke ba, ɗinkin zai ja, kusurwa ta goce. Bugu da ƙari, jan ƙyalle guda mai zuba ya isa ya ɓata farin bargon da aka yi wata shida ana ɗinkawa.

Masu ƙin wankewa su ma da hujjarsu. Sabon yadi yana da ɗan tauri wanda ke sa yanka ya fita daidai, ba ya zamewa ƙarƙashin allura. Sa'an nan cikon auduga shi kansa yakan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, don haka in aka bar fuska da ciko da baya suka tsuke tare a wankin fari, bargon yakan yi wata 'yar tattara mai laushi irin ta bargunan kaka da kakanni, wadda wasu ita suke nema. Akwai kuma ƙyallayen da ake sayarwa a yanke, dogaye masu faɗin inci biyu da rabi, da masu kusurwa huɗu na inci 5 da na inci 10. Waɗannan in aka jefa su cikin injin wanki sai bakinsu ya zare, su cukurkuɗe, awonsu ya lalace.

Amma akwai wuri ɗaya da gidajen biyu suka haɗu, shi ne kuwa darasin da ya shafi kowane tela, ko da bai taɓa ɗinka bargo ba: in za a wanke, a wanke duka, in ba za a wanke ba, a bar duka, kada a gama wankakke da maras wanki a aiki ɗaya. Kuma ko wanda ba ya wankewa, ba ya sa jan ƙyalle ko baƙi kusa da fari sai ya gwada shi.

ZUBA DA LABARIN GISHIRI

Zubar launi ciwo ne dabam da tsukewa. Cikin ƙarni na 19 matan Amurka sukan biya kuɗi mai yawa su sayi wani jan yadi da ake kira jan Turkiyya, don kawai ba ya zuba ba ya koɗewa, abin da ke nuna yadda sauran jajaye suka gallabe su. A 1956 kamfanin ICI na Ingila ya fito da wani irin rini wanda ke ƙulluwa da jikin auduga ya zama ɗaya da ita, irinsa ne kuma ake rina mafi yawan auduga da shi a yau. Amma ba dukan rinin ke kamawa ba. Akwai ragowar da ke kwance a kan zare, wadda ya wajaba masaƙa ta wanke da ruwan zafi da sabulu. Wanki kuɗi ne, saboda haka mai neman araha a nan yake rage hannu, sai ragowar ta biyo yadi har bahon uwargida.

Sanannen abu ne a gidaje a jiƙa sabuwar atamfa da gishiri don kada ta zuba. Al'adar tana da tushe, domin marina na zamani suna zuba gishiri cikin ruwan rini don ya kora launi daga ruwa zuwa jikin auduga. Amma wannan a lokacin rini ne. Bayan an gama, gishiri ba ya ɗaure launin da bai kama ba, haka ma ruwan khal. In aka ga atamfa ta daina zuba bayan an jiƙa ta da gishiri, ruwa ne ya yi aikin, gishiri ya karɓi yabo. Abin yi shi ne a yi ta ɗauraya ana sake ruwa har ya fita garau. Wanda aka sake wa ruwa sau huɗu ko biyar bai daina ba, to kada a haɗa shi da wani launi har abada.

Gwajin ba wuya. A yanki ɗan ƙyalle a sa cikin kofin gilashi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a bar shi rabin sa'a. Sa'an nan a fitar, a shimfiɗa shi kan farin ƙyalle, a danna da dutsen guga. In farin ya ɗauki launi, an sami amsa.

FATAR JIKI MA TANA DA HAKKI

Ban da sitaci da ragowar rini, akan shafa wa waɗansu yaduka magunguna don kada su yamutse ko su yi fumfuna a jirgin ruwa. Cikinsu akwai masu fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda ruwansa ne fomalin da asibitoci ke adana gawa da shi. Ɗan abin da ke jikin yadi ba ya damun yawancin mutane, amma ga mai fata maras juriya yakan kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman a wuya da hammata da ƙugu, inda tufa ke goga ga kuma zufa. Ƙasar Japan ta kafa doka tun 1973 wadda ta ƙayyade yawansa a tufafi, ta kuma fi tsanantawa kan kayan jarirai. A 2010 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Amurka ya gwada tufafi 180, ya sami guda 10 da suka wuce iyaka mafi tsanani. Wanki yana rage wannan sinadari sosai. Saboda haka duk abin da za a ɗinka wa jariri, da kayan ciki, da zanen gado, da rigar matashin kai, ba shawara a kansu, a wanke. Ga kuma ƙurar kasuwa da hannuwan da suka yi ta taɓa bandir kafin ya sami mai saye.

YADIN DA BA YA SON RUWA

Ba kowane yadi ake jefawa a baho ba. Shadda mai tsada, irin ta Getzner da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, rabin kuɗinta na sheƙinta ne, sheƙin nan kuwa da matsa da zafi aka sa shi, ruwa yana rage shi. Ba mai yarda a wanke masa ita kafin ya sa. A nan dabara ta koma hannun tela: ya bar rara a tsawon riga da hannu da ƙafar wando, ya yi kalmasa mai faɗi wadda za a iya saki, ya kuma zaɓi shafin da halinsa ya yi kusa da na shaddar.

Haka turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda bayan an tsamo su daga marina mabuga ke zuba musu shuni su yi ta bugu har su yi ƙyalli kamar ƙarfe. Shunin nan a kan zare yake zaune, yana kuma shafar fata, abin da Buzaye ke so ke nan, wanke shi kuwa kashe shi ne. Amma zanen baba na yau da kullum, irin wanda ake rinawa a Ƙofar Mata ta Kano, in za a haɗa shi da fari sai an ɗauraye shi sosai, domin baba ba ya ƙulluwa da auduga, maƙalewa yake yi, ragowarsa kuma tana gogewa.

Atamfa ta ainihi, irin wadda kamfanin Vlisco na Helmond a ƙasar Holan ya yi suna da ita, ta riga ta sha wanki a masaƙa wajen cire ƙaron da aka yi zane da shi, don haka tsukewarta kaɗan ce. Mai araha wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya aka cika ta da sitaci ita ce abar tsoro. Ulu na kwat da tururi ake zaunar da shi. Telolin London sun daɗe suna shimfiɗa shi tsakanin jiƙaƙƙun zannuwa ya kwana, sa'an nan ya bushe a hankali. Karan-miski, da leshi mai duwatsu, da duk abin da wankin ruwa ba zai taɓa shafa ba bayan ɗinki, ba dalilin jiƙa su kafin ɗinki.

Ƙa'idar dai guda ce: abin da za a riƙa yi wa riga bayan an ɗinka, shi za a fara yi wa yadi kafin a yanka.

YADDA AKE YI

Wanda ke shakka ya fara da gwaji. A yanki ƙyalle inci 10 tsawo, inci 10 faɗi, a yi alamar inda tsawon yadi ya nufa, a wanke, a shanya, a goge, a sake aunawa. In ya rasa rabin inci, kashi 5 cikin 100 ke nan, watau a kowane yadi 5 sai an ƙara sayen rubu'in yadi.

In za a wanke dukan yadin, a fara bin bakin da aka yanka da ɗinki don kada ya zare. A warware shi sarai, domin wanda aka jiƙa a ninke ruwa ba ya ratsa shi daidai, launi kuma yakan kwanta a kan ninki. A raba fari dabam, masu duhu dabam, ja shi kaɗai. A yi amfani da irin ruwa da sabulun da za a riƙa wanke rigar da su. In gidan da injin busarwa ake aiki, yadin ma ya shiga injin. Kada a murɗe shi da ƙarfi wajen matsa. A shanya a inuwa, a kan igiya biyu ko uku don kada nauyin ruwa ya ja shi, a kwashe da sauran ɗan danshi, a goge ana bin tsawonsa. Wanda ke son taurin sabon yadi don sauƙin yanka, ya fesa ɗan sitaci wajen guga.

Kafin a sa almakashi a duba ko yadin ya karkace. A ja zare guda daga wannan gefe zuwa wancan, a yanke kan layin da ya bari, a ninka yadin biyu a gani ko bakunan sun haɗu. In ba su haɗu ba, mutum biyu su kama kusurwa da kusurwa su ja a hankali har ya daidaita. Ƙafar wandon da ɗinkinta ke juyowa gaba bayan wanki, daga nan ciwonta ya faro. Shafi, da zaren igiya, da duk wani ƙyallen ado na auduga da zai shiga aikin, su ma su sha ruwa.

TSAKANIN TELA DA MAI KAYA

Abin da ke hana a yi wannan aiki ba wahalarsa ba ce. Abu biyu ne. Na farko son sabo: mutum yana so a ga ninkin kanti a jikin rigarsa, a ji ƙamshin sabon yadi, har wani in tela ya wanke masa sai ya yi zargin an musanya masa da tsoho. Na biyu gaggawa: ana kawo ɗinkin Sallah cikin goman ƙarshe na azumi, tela yana kwana kan keke, ga wutar lantarki ba tabbas, ina ya ga sararin jiƙo da shanya? Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaran yana hannun kowa. Mai kaya ya sayi yadinsa da wuri, ya ƙara ɗan abin da ruwa zai ci, ya wanke a gida in irin na wankewa ne. Iyayen amarya da suka karɓi lefe su tuna turamen nan za a daɗe ana sa su, ba ranar biki kaɗai ba. Tela kuma, sa'ad da yake rubuta awo, ya ƙara tambaya ɗaya, ko yadin ya sha ruwa, ya rubuta amsar gefen sunan mai kaya. In an ce bai sha ba, ba a kuma so ya sha, ya faɗi abin da zai biyo baya tun mai kaya yana tsaye, ya bar rara. Shugabannin ƙungiyoyin teloli da masu koyar da yara ɗinki ya kamata su sa wannan cikin darasin farko, tun kafin yaro ya iya taka keke.

Yadi 10 na babbar riga da 'yar ciki da wando ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan zamani, ga shi an tara su ne da gumi. Bai kamata a bar su su lalace saboda ƙyashin bokiti biyu na ruwa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.